Idan Batirin Mota Ya Ƙi Shan Caji: Yadda Ake Gano Inda Matsalar Take

A Makka da Jidda da Madina batirin mota ba ya yin dogon kwana. Inda zafin bazara ke haura digiri 45 a inuwa, cikin bonet kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, batirin da ya kai shekara biyu ya yi ƙoƙari. Shi ya sa da yawa daga cikin masu mota suka gaji da roƙon maƙwabci ya ba su ishtirak, wato jona batirinsa da nasu a tayar da mota, kowace safiya, suka sayi caja suka ajiye a gida. To amma sai a jona cajar, allurarta ta ƙi motsi, ko jar fitila ta kama ƙiftawa, ko kuma cikin minti goma ta ce batir ya cika alhali mota ko tari ba ta yi. Daga nan wani ya ce caja ce jabu, wani ya ce batir ne ya mutu, a kashe kuɗi a sayo sabo, matsalar kuma tana nan daram.

Wutar da ke shiga batir ta wurare huɗu take bi: soket ɗin bango, cajar kanta, kilif biyun da ke cizon kawunan batir, sannan batirin. A ɗaya daga cikinsu laifin yake, kuma mitar awon wuta ce ke raba gardama. Ƙaramar mita mai lambobi, irin wadda ake samu a kowane shagon kayan wuta, ta isa. Ka murɗa ta zuwa DCV 20, ka ɗora jan tsinke a kan da ke da alamar +, baƙin a kan mai alamar −, kafin ma ka taɓa caja.

Batir mai bolt 12 ɗakuna shida ne a ciki, waɗanda rewaya ke kira sel, kowanne yana riƙe da kusan bolt 2.1. Batirin da ya huta na wasu sa'o'i, in cike yake, zai nuna 12.6 zuwa 12.7. In ya nuna 12.4 saura kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi ne, 12.0 saura kwata, ƙasa da 11.9 kuwa ya zube. Ka rubuta lambar da ka gani, don duk hukuncin da zai biyo baya da ita za a gwada.

Kafin a jona

Batir yana fitar da iskar haidurojin yayin caji, kuma da zarar ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ya tashe ta. Don haka ba a caji a rufaffen ɗaki mai na'urar sanyi, ba a yi a ƙarƙashin bene kusa da tukunyar gas, ba a kuma shan taba a wurin. Ka cire zobe da agogon ƙarfe, ka sa tabarau. In ruwan batir ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai gudana na minti 15 a tafi asibiti, ko a kira motar agaji ta 997.

Jan kilif ake fara maƙalawa a kan +, sai baƙi, sannan a sa filogi a bango. Wajen cirewa filogi ke fara fita. In batir yana cikin mota, baƙin kilif ya fi kyau a jikin inji ko wani ƙarfe marar fenti nesa da batir. Motocin zamani da yawa suna da ƙaramar na'urar lura da batir a manne da kan −, in ka cije kan batirin kai tsaye ka tsallake ta, kwamfutar mota ba za ta san an yi caji ba. Batirin da ya kumbura a gefe, ko ya tsage yana yoyo, ba a ɗora masa caja sam.

Caja ba ta nuna alamar rai

Da bango za ka fara. Wannan matsala ce ta Saudiyya musamman: tun 2010 aka yanke shawarar mayar da wutar gidaje zuwa bolt 230, amma tsofaffin gidaje a tsofaffin unguwanni har yanzu akwai masu soket iri biyu, na 220 da na 127 wanda kowa ke kira 110. Tsohuwar caja mai nauyi, mai taransifoma a ciki, wadda aka yi don 220, in ta shiga soket na 110 za ta yi gunjinta kamar tana aiki, fitilarta ma ta kama dishi-dishi, amma abin da take fitarwa bai wuce bolt 8 ba. Ruwa ba ya hawa tudu, bolt 8 ba zai shiga batir mai bolt 12 ba ko da za a kwana uku. Akasin haka ya fi muni: cajar da aka yi don Amurka mai bolt 120, in ta shiga 230, hayaƙi za ta yi nan take. Ka juya mita zuwa ACV, ka auna soket, ka karanta abin da ke rubuce a bayan cajar. Wadda aka rubuta wa 100–240V ba ruwanta da wannan rigima. Mai niyyar aika caja gida kuma ya duba wani abu: wutar Saudiyya 60Hz ce, ta Najeriya da Nijar da Sudan 50Hz, kuma taransifomar da aka yi don 60 kaɗai takan yi zafi fiye da kima a can.

In soket lafiya, sai fiyus. Filogi mai ƙafa uku akwai fiyus a cikinsa, cajar ma galibi tana da nata a gaba ko a kan jar waya. Yawanci juya kilif ne ke ƙona shi, wato a sa ja a − baƙi a +. A maye shi da mai lamba iri ɗaya. Masu naɗa zaren waya a gurbin fiyus gudun gara suke yi su faɗa gidan zago, don karo na gaba abin da zai ƙone cajar ce gaba ɗaya.

Kada ka gwada caja ta hanyar goga kilif biyu don ganin tartsatsi. Cajar zamani mai kwamfuta ba ta sakin wuta sai ta ji batir a bakinta, don haka ko mita ka sa a kilif ɗinta sifili za ka gani, kuma lafiyarta ƙalau. Gwajin gaskiya a jikin batir ake yi: mita tana kan kawunan batir, ka kunna caja. In lambar ta tashi daga, misali, 12.0 ta kama hawa zuwa 12.8, 13, 13.2 cikin 'yan mintuna, caja tana aiki. In ba ta gusa ba ko kaɗan, wuta ba ta isowa. Ka kuma leƙa makunnin zaɓi, kada ya kasance a 6V ko 24V.

Sai kilif, wanda shi ne aka fi rainawa kuma shi ya fi yawan laifi. Farin gari ko shuɗi-shuɗi da ke taruwa a kan batir ba ya barin wuta ta wuce, kuma laimar Jidda tana hanzarta shi. Kilif zai cije sosai a ido, amma haƙoransa a kan datti suke. Ga yadda ake kama shi: caja tana aiki, ka sa tsinken mita ɗaya a tsakiyar darmar kan batir, ɗayan a jikin kilif ɗin da ke cije da shi. Kamata ya yi ka ga kusan sifili. In ka ga 0.2 ko fiye, a nan wuta ke maƙalewa, kuma in ka taɓa kilif ɗin za ka ji ɗumi. Ka kashe caja, ka kwance kawunan da sifana lamba 10, na − da farko. Ka dama cokali ɗaya na bikarbonat a kofin ruwa, ka zuba a kai, za ka ga yana kumfa. Ka goge da burushin ƙarfe har darmar ta yi ƙyalli, ka tsane. Ka kiyaye kada wannan ruwa ya shiga cikin ɗakunan batir, don yana kashe asid. Ka duba kuma inda waya ta shiga kilif, sau da yawa zaruruwan sun tsinke saura biyu ko uku a ƙarƙashin roba.

Caja ta ƙi ganin batir

Motar da aka bari wata biyu ko uku, an tafi gida hutu ko an ajiye ta har bayan aikin Hajji, batirinta kan sauka zuwa bolt 5, ko 3, ko ƙasa da haka. Cajar zamani tana da iyakar da in batir bai kai ba sai ta ɗauka ba a jona komai ba, ta nuna kuskure ta yi shiru. Iyakar ta bambanta daga caja zuwa caja, tana rubuce a takardarta. Wasu suna da maɓallin tilastawa da ake dannewa na 'yan daƙiƙu. In babu, ka samo lafiyayyen batir mai bolt 12 da wayoyin ishtirak, ka haɗa su + da +, − da −, ka maƙala caja a kan lafiyayyen. Caja za ta ga bolt 12 ta fara aiki, mataccen yana sha ta gefe. Bayan minti 30 zuwa sa'a ɗaya ka kashe, ka raba su, ka auna. In ya haura 10.5 caja za ta karɓe shi shi kaɗai. Kana yi kana taɓa gefensa, in ya fara zafi ka dakata.

Sai dai a faɗi gaskiya, batirin da ya yi makonni a zube a zafin nan, ko ya farfaɗo ba ya komawa yadda yake.

Ta ce ya cika cikin minti goma

A nan ake yawan ruɗuwa, don koriyar fitila ta kama, mai mota ya yi murna, ya murɗa makulli sai ƙas-ƙas. Lissafi kaɗan zai nuna cewa cikar ƙarya ce. Batir mai 70Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka) da ke rabi yana buƙatar 35Ah, a ƙara kusan kashi 20 cikin 100 na abin da ke tafiya a zafi da kumfa, ya zama wajen 42. Ƙa'idar caji ita ce kashi ɗaya cikin goma na girman batir, wato amfiya 7 ga mai 70Ah. Ka raba 42 da 7, sa'a shida ke nan, kuma da yake caja tana rage ƙarfi a ƙarshe, a aikace takan kai takwas ko fiye. Ba yadda za a yi wannan aiki ya ƙare a minti goma.

Abin da ke faruwa shi ne, duk lokacin da batir ya sauka, wani farin gishiri mai suna salfet yana kwanciya a kan farantan darma na ciki. In an yi caji da wuri yana narkewa ya koma ruwa. In aka bar shi kwanaki sai ya daskare ya toshe farantan, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Batirin sai ya zama kamar randar da yashi ya cike, kofi biyu ka zuba ta tumbatsa. Bolt zai yi tsalle zuwa 14.4 nan da nan, amfiya ta faɗi, caja ta ɗauka aiki ya kammala. Amma kafin ka yanke hukunci ka sake duba kilif, don datti a kan batir yana haifar da wannan alama sak.

In kilif fes yake, ka gwada caji a hankali, amfiya 2 na kwana ɗaya zuwa biyu. Cajar da ke da tsarin farfaɗowa tana ɗaga bolt zuwa wajen 15.8 don fasa gishirin. Wannan na batir mai ruwa ne kawai, kuma a cire shi daga mota tukuna, don wutar ta yi wa kwamfutocin mota yawa. Bayan an gama, kada ka yarda da lambar da mita ta nuna nan take, 13 da wani abu za ka gani, kuma na sama-sama ne. Ka bar shi ya kwana, ko ka mayar da shi mota ka kunna manyan fitilu na minti ɗaya, ka kashe, ka jira minti goma. In ya tsaya a 12.6 da kyau. Sannan wani ya murɗa makulli kai kana kallon mita. Lafiyayyen batir ba ya sauka ƙasa da 9.6 yayin da silf, wato na'urar tayar da mota, ke juya inji. In ya faɗo 7 ko 6, ƙarfinsa ya ƙare ko da a zaune yana nuna 12.6. In kuwa ya faɗi kusan sifili lokaci guda, caja ma ba ta iya tura masa ko amfiya ɗaya, to mahaɗar da ke tsakanin ɗakuna ce ta tsinke a ciki, wannan ba shi da gyara.

Caji ya ƙi ƙarewa, batir yana zafi

Wannan ita ce alamar da ta fi haɗari. An yi sa'a goma sha biyu, allura tana nan a sama ba ta sauko ba, jikin batir ya yi zafi, ana jin tafasa a ciki, wani lokaci da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ka zare filogi daga bango, kada ka taɓa kilif tukuna, ka bar iska ta ratsa wurin. Bayan ya huce na wasu sa'o'i ka auna. In ka ga 10.5 ko kusa da haka, ɗaki ɗaya ya haɗe: biyar sau 2.1 shi ne 10.5. Caja tana ta ƙoƙarin kai shi 14.4, ɗakuna biyar suna shan rabon shida, shi ya sa suke tafasa. A batir mai murafu za ka iya gani da ido, biyar suna kumfa, ɗaya ya yi tsit. Tsohuwar caja kuma za ka ji tana ƙas, ta ɗauke, ta dawo, na'urar kariyarta ce ke yankewa saboda nauyi. Wannan batir sai canji.

In bayan hutawa ya nuna 12 da wani abu, to zafin wuri ne ko saitin caja. Lambobin da aka rubuta a takardun caja, 14.4 na cikawa da 13.2 zuwa 13.8 na riƙewa, an tsara su ne a kan digiri 25. Duk digiri ɗaya da aka ƙaru, kamata ya yi a rage wajen bolt 0.02 zuwa 0.03. A digiri 45 ke nan batir bai buƙatar fiye da 14.0. Cajar da ba ta da na'urar jin zafi ba ta san wannan ba, tana ta tura 14.4, batir yana ƙara zafi, yana ƙara jan wuta, yana ƙara zafi. Maganin mai sauƙi ne: a yi caji da dare ko bayan asuba, a inuwa, ba a kan kwalta ko rufin siminti da rana ta gasa ba, kuma kada a ɗora caja a kan batirin da aka kashe injinsa yanzu. A ba shi sa'a biyu ya huce. In jikinsa ya kai yadda ba ka iya barin tafin hannu a kai, wajen digiri 50 ke nan, a tsaya. Maɓallin amfiya 30 ko 50 da ke kan manyan cajoji na tayar da inji ne na ɗan lokaci, ba na kwana ba.

Akwai kuma dalilai biyu marasa tsanani. Ƙaramar cajar amfiya ɗaya ta riƙe cikakken batir ce, in ka ba ta zubabben 70Ah sai ta yi kwana uku, wata ma ta gaji ta nuna kuskure. Sannan in batir yana cikin mota, ƙofa a buɗe, fitilar ciki da rediyo a kunne, su ke shanye abin da take bayarwa.

Ruwan batir ma yana da hannu a nan. Zafi yana ƙafar da shi, farantai su fito fili su lalace. Kafin caji a zuba abin da zai rufe farantan kawai, bayan caji a cika zuwa alama, wajen santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a samansu, don ruwan yana tasowa in ya ɗumama. Tataccen ruwa na batir ake zubawa, wanda ake kira moya muƙaɗɗara a shagunan banshar, wato na masu facin taya. Ban da ruwan famfo, ban da ruwan gora na sha, don gishirin da ke cikinsu yana kashe farantai. Ban da ƙarin asid kuma, tunda ruwa ne ke ƙafewa, asid yana nan. Mai ma'aunin nauyin ruwa, wato gilashin nan mai robar tsotsa, zai ga 1.265 zuwa 1.280 a cikakken ɗaki, 1.190 a rabi. In tsakanin ɗaki da ɗaki an sami bambancin 0.050 bayan cikakken caji, batirin ya tafi. Ƙaramin idon nan da ke yin kore a saman batir ɗaki ɗaya tak yake kallo cikin shida, kada ka dogara da shi.

Batirin da aka rubuta wa AGM, wanda ake sa wa motoci masu kashe inji da kansu a danja, ba a buɗe shi, ba a zuba masa ruwa, ba a kuma sa masa tsarin farfaɗowa. A zaɓa masa saitin AGM a caja. Ruwan da ya rasa ba ya dawowa, shi ya sa tsohuwar caja marar tsayawa da kanta ke iya kashe shi a dare ɗaya.

Ya cika lafiya, bayan kwana biyu ya sake mutuwa

Ka raba batir da mota ka gani. Ka cika shi, ka cire kan −, ka bar shi kwana uku. In ya sauka da kansa zuwa 12.2 ko ƙasa, ciwon a cikinsa yake, amma ka fara wanke samansa, don ƙura da laima da ɗigon asid suna yi wa wuta hanya tsakanin kawuna biyu. In ya tsaya a 12.5 ko sama, motar ce ke cinye shi.

Ka tayar da inji ka auna a kawunan batir. Dinamo, wato na'urar da ke yi wa batir caji in inji yana aiki, mai lafiya yana ba da 13.8 zuwa 14.5, kuma in ka kunna na'urar sanyi da fitilu bai kamata ya sauka ƙasa da 13.5 ba, sai dai wasu sababbin motoci da kwamfuta ke ɗaga shi tana saukewa da gangan. In ya tsaya a 12 da ɗoriya, a duba bel da dinamon. In ya haura 15, shi ke dafa batirin.

In dinamo lafiya, sai a nemi ɓarawon wuta. Ka kashe komai, ka zare makulli, ka mayar da jan tsinken mita ramin 10A, ka cire kan −, ka sa mita tsakanin kan batir da wayar da ka cire. Ka rufe ƙofofi ka jira minti 20 zuwa 30 kwamfutoci su yi barci, kuma kada a kuskura a murɗa makulli mita tana haka, fiyus ɗinta zai tashi. Abin da ya dace shi ne 0.05 ko ƙasa. In ka ga 0.3, wannan 7.2Ah ne kowace rana, cikin kwana biyar ya cinye rabin batir mai 70Ah. Ka dinga zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi, layin da ta faɗi a kansa nan ɓarawon yake. Galibi kayan da aka ƙara daga baya ne: kyamarar gaban gilashi, na'urar bin sawun mota, amfilifaya, ko fitilar but da ta ƙi mutuwa.

In hukunci ya faɗa kan batir, ka nemo faturarsa, wato rasit ɗin saye, kafin ka tafi sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, don yawancin batura da garantin shekara ake sayar da su, kuma kwanan watan da ke kan takardar ake bi. Ka tafi da tsohon, ana rage maka wani abu a kansa. Sabon kuma ka sa a auna shi a gabanka kafin a ɗaura, in bai kai 12.5 ba ya daɗe a kan kanta, ka ce a ba ka wani.